Dafin gizo-gizo da kansar mama: amsa ga wata 'yar'uwa da ke jinyar mahaifiyarta

Tambaya: "Assalamu alaikum Dakta. An gano mahaifiyata tana da kansar mama, likitoci sun ce tana mataki na biyu, sun ba da shawarar a yi mata aiki sannan a fara kemo, wato maganin kansa da ake ɗaurawa ta jijiya. Ita tsoro take ji, dangi kuma suna ta cewa daji ba ya son ƙarfe. Yayana ya turo mana wani bidiyo a WhatsApp da ke cewa Turawa sun gano dafin gizo-gizo yana kashe kansa ba tare da ya taɓa lafiyayyen jiki ba, har wani ya ce zai iya samo mana maganin daga waje. Don Allah gaskiya ne? Mu jira shi ko mu je a yi aikin?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Mama lafiya, Ya sa kaffara ne, ku kuma Ya ba ku ladan jinya.

Zan fara da abin da ya fi gaggawa, don ko da ba ki karanta sauran ba ki riƙe wannan: kada ku jira. A yau babu maganin kansa ko guda ɗaya da aka haɗa daga dafin gizo-gizo wanda wata hukumar kula da magunguna ta amince a ba ɗan Adam, ko a Amurka, ko a Turai, ko NAFDAC ta nan gida. Wanda ya ce zai samo muku shi daga waje, ko dai shi ma ruɗarsa aka yi, ko kuma aljihunku yake hange. Abin da zai kawo muku a kwalba, ko mene ne shi, ba shi ne abin da masu binciken suke magana a kai ba.

Amma ba zan ce miki bidiyon ƙarya ne tsagwaronta ba, domin yana da tushe. Aikina ilimin magunguna ne, na kuma shafe shekaru ina renon ƙwayoyin kansa a ɗakin gwaje-gwaje ina zuba musu sinadarai iri-iri in ga wanne zai kashe su. Wannan fanni na dafi yana cikin abubuwan da nake bibiya da sha'awa, ina kuma fatan ya haifar da alheri. Shi ya sa nake so in warware miki shi dalla-dalla, ki ga inda gaskiyar ta tsaya da inda masu bidiyo suka ɗora nasu.

Dafi ba ruwa ɗaya ba ne. Idan aka tatsi ɗigon dafin gizo-gizo aka rarrabe shi, sai a tarar da ɗaruruwan sinadarai, a wasu jinsunan ma sun haura dubu, kowanne da aikinsa. Mafi yawansu abin da muke kira feftayid ne, wato ɗan gajeren furotin. Ki ɗauke shi kamar carbi: ƙwayoyin amino asid ne aka jera a zare, wani 18, wani 40, wani 70, sannan zaren ya naɗe ya ɗauki wata siffa ta musamman. Siffar nan ita ce sirrin, kamar yadda haƙoran makulli suke sa ya buɗe kwaɗo ɗaya ya ƙi buɗe na kusa da shi. An san jinsunan gizo-gizo sama da 50,000 a duniya, kusan dukkansu masu dafi ne, kuma ɗan kaɗan ne daga ciki aka taɓa binciken dafinsu. Ga mai neman sabon magani, wannan taska ce da ba a buɗe ko ƙofarta sosai ba.

To me ya haɗa wannan da kansa? Hanyoyi biyu ne manya.

Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana lulluɓe da wani siririn tantani na maiƙo. A lafiyayyar ƙwaya, akwai wani nau'in maiƙo mai ɗauke da cajin lantarki da ake ɓoye shi ta ciki. Ƙwayar kansa, saboda rikicewar da ta yi, sau da yawa takan bar shi ya fito waje. Wasu feftayid na gizo-gizo kuwa suna ɗauke da kishiyar wannan caji, sai su manne wa ƙwayar kansa kamar yadda maganaɗisu yake kama ƙusa, su kutsa cikin tantanin su huda shi, ko su shige ciki su tayar da tsarin da ƙwayar take kashe kanta da shi. Wannan ita ce hanya ta farko, kuma daga nan ne maganar "ba ya taɓa lafiyayyen jiki" ta samo asali. Gaskiyar magana ita ce sun fi son ƙwayar kansa, amma ba su bar lafiyayya kwata-kwata ba. Da zarar an ƙara yawansu, sai su fara fasa jajayen ƙwayoyin jini, wanda kuwa hatsari ne babba.

Hanya ta biyu ta fi burge ni. A jikin tantanin nan akwai ƙananan ƙofofi da gishirin jiki, irin su sodiyam da fotasiyam da kalsiyam, suke shiga da fita ta cikinsu. Da su jijiya take aika saƙo, da su zuciya take bugawa. Gizo-gizo yana shanye jikin ƙwaro ne ta hanyar toshe waɗannan ƙofofi ko barinsu a wangale. Sai bincike ya nuna cewa ƙwayoyin kansa da yawa suna ƙera wasu daga cikin ƙofofin nan fiye da ƙima, suna amfani da su wajen hayayyafa da ratsa nama zuwa wani wuri. Kin ga ke nan, idan aka sami makullin da zai rufe ƙofar da kansa ta dogara da ita ya bar ta zuciya da ta ƙwaƙwalwa, an sami abin nema. Wahalar ita ce ƙofofin 'yan gida ɗaya ne, sun yi kama da juna ƙwarai, makullin da ya kuskure ya shiga ta zuciya kuwa kisa zai yi.

Bari in kawo miki labarin wanda aka fi yayatawa, don ina kyautata zaton shi ne a bidiyon yayanki. A shekarar 2000, masu bincike a Jami'ar Sao Paulo ta ƙasar Barazil suka fitar da wani feftayid mai amino asid 18 daga jikin wani ƙaton gizo-gizo mai gashi da ake kira Acanthoscurria gomesiana, suka raɗa masa suna gomesin. A cikin jinin gizo-gizon ma aka fara samunsa, inda yake kare shi daga ƙwayoyin cuta. A 2008 wasu masu binciken a can Barazil suka haɗa shi cikin man shafawa suka riƙa shafa wa ɓerayen da aka dasa wa kansar fata, sai ƙarin ya rage saurin girma, ɓerayen kuma suka fi 'yan'uwansu daɗewa. Bayan shekara goma, a 2018, Dakta Maria Ikonomopoulou da abokan aikinta a cibiyar QIMR Berghofer da ke Brisbane a Ostareliya suka gwada gomesin tare da wani ɗan'uwansa da aka gano a jakar dafin wani gizo-gizon ƙasar, Hadronyche infensa. Suka nuna cewa yana kashe ƙwayoyin kansar fata ta mutum a farantin gwaji fiye da yadda yake taɓa lafiyayyu, yana kuma hana su yaɗuwa a jikin wasu ƙananan kifaye da ake gwaji da su. Har ila yau ya kashe ƙwayoyin wata kansar fuska mai yaɗuwa ta hanyar cizo, wadda tun 1996 take ƙarar da wata dabbar daji ta tsibirin Tasmaniya. Jaridun duniya suka ɗauka, daga nan kuma labarin ya faɗa hannun masu haɗa bidiyo.

Bincike ne na gaske, mutanen kirki ne suka yi shi. Amma ki lura da abubuwa uku a cikinsa. An yi shi a faranti da kifi da ɓera. An yi shi a kan kansar fata, wadda ta sha bamban da ta mama. Kansa ba cuta ɗaya ba ce, cututtuka ne sama da ɗari da suka yi tarayya a suna. Sannan sama da shekara 20 ke nan da gano gomesin, har yau bai zama maganin da likita zai rubuta wa mara lafiya ba. (A gefe guda, irin kansar fatar da suka gwada ita ce ta fararen fata da rana take jawowa. Mu baƙar fata ta fi fito mana a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, don haka duk baƙin tabo a tafin ƙafa da yake faɗaɗa ko ya zama gyambon da ya ƙi warkewa, a kai shi asibiti.)

Akwai wasu irinsa. A ƙasar Sin, masu bincike a lardin Hunan sun fitar da lycosin-I daga dafin wani gizo-gizon da ke farauta a ƙasa, ya kuma rage girman ƙari a jikin ɓeraye. A Mosko an samo wasu da ake kira latarcin daga wani gizo-gizon Asiya ta Tsakiya, masu huda tantanin ƙwaya. A Faransa, a shekarar 2000, an gano psalmotoxin daga wani gizo-gizon tsibirin Tirinidad, wanda daga baya aka ga yana toshe wata ƙofa a ƙwayoyin kansar ƙwaƙwalwa. Dukkansu labarinsu ɗaya ne da na gomesin.

Nan ne nake so ki tsaya ki saurare ni da kyau, domin nan ne mutane suke ruɗewa. Kashe ƙwayar kansa a faranti abu ne mai sauƙi ƙwarai. Na yi shi da hannuna sau ba adadi. Ruwan bilic yana kashe ta, gishiri mai yawa yana kashe ta, ruwan zafi ma yana kashe ta. A faranti ƙwayar tana kwance ne tsirara, ba hanta da za ta narkar da maganin, ba ƙoda da za ta tace shi ta fitar, ba zuciya da za ta tsaya. A jikin mutum kuwa, feftayid yana shiga jini sinadaran jiki suke fara yayyanka shi, ƙoda kuma ta zubar da ragowar cikin fitsari, wani lokaci a cikin mintuna. Wanda ya tsira dole ya ratsa jijiyoyin jini ya isa tsakiyar ƙari mai tauri, a adadin da zai yi aiki, ba tare da ya lalata jini da jijiyoyin da ya bi ta cikinsu ba. Idan kuma ta baki aka sha, ciki zai narkar da mafi yawansa kamar yadda yake narkar da nama, ɗan abin da ya rage kuma da ƙyar hanji yake tsotsarsa. Dalilin da ya sa masu ciwon suga suke yin allurar insulin ke nan maimakon su haɗiye ta. Saboda haka duk wanda ya miƙo muku ruwa ko garin "dafin gizo-gizo" ya ce a sha, maganarsa ta rushe tun daga nan.

Ko nasarar da aka samu a ɓera ba hujja ba ce a kan mutum, kuma shi gizo-gizon ma ya koya mana wannan darasi. Akwai wani a kewayen birnin Sidni na Ostareliya, Atrax robustus, wanda ya kashe mutum 13 da aka tabbatar kafin a samar da maganin dafinsa a 1981. Dafin nan da yake iya kashe yaro cikin ɗan lokaci, kare da kyanwa da zomo suna jure shi. Mutum da biri yake wa mummunar illa. To wanda ya gwada shi a kan zomo kaɗai, ai sai ya rantse cewa ba shi da hatsari.

Wannan ne ya sa kowane sabon magani sai ya bi matakai uku a jikin mutane bayan an gama da dabbobi. A mataki na farko ana ba mutane ƙalilan, 'yan gomomi, don a ga adadin da jiki zai ɗauka. A na biyu a duba ko yana taɓa cutar. A na uku a kwatanta shi da maganin da ake da shi a kan ɗaruruwa ko dubban marasa lafiya. Tafiyar takan ci shekara 10 zuwa 15. Wani nazari da masana a jami'ar MIT ta Amurka suka wallafa a 2019 ya gano cewa a cikin magungunan kansa da suka kai ga fara gwaji a jikin mutane, kashi 3.4 cikin 100 ne kawai suka sami amincewa a ƙarshe. Wato a kowane 30, kusan ɗaya ne yake tsallakewa. Waɗannan fa su ne waɗanda suka riga suka yi nasara a faranti da ɓera.

Kada wannan ya sa ki ɗauka cewa neman magani a cikin dafi aikin banza ne. Hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face Ya saukar mata da magani, kuma dafi ya riga ya ba mu magunguna da muke amfani da su kullum. Captopril na hawan jini, wanda aka amince da shi a 1981, ya samo asali ne daga binciken da Sergio Ferreira ya yi a kan dafin wani macijin Barazil. Lisinopril da tsofaffinmu da yawa suke sha kowace safiya ɗan gidansu ne. Tirofiban, da ake ba masu bugun zuciya don hana jini daskarewa, an kwaikwayo shi daga dafin wata 'yar'uwar kububuwa, macijiyar nan da take addabar manoma a Kaltungo da kewaye. Exenatide na ciwon suga ya fito daga dafin wani ƙadangaren hamadar Amurka, aka amince da shi a 2005. Ziconotide na matsanancin raɗaɗi daga dafin wani dodon-koɗin teku yake. A cikin duk waɗannan babu inda aka ɗauki ɗanyen dafi aka ɗura wa mutum. Sinadari ɗaya aka ware daga cikin ɗaruruwa, aka gyara shi, aka ƙera shi a masana'anta, aka auna adadinsa daidai, bayan shekaru masu yawa na gwaji. Shi kansa dafin gizo-gizo ya riga ya ba da kaya ɗaya da ya shiga kasuwa, sai dai maganin ƙwarin gona ne, wanda hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi wa rajista a 2014.

A fagen kansa, wadda ta fi yin nisa ita ce kunama. Akwai wata rawayar kunama ta hamadar Masar da Sudan da ƙasashen da ke kusa, Leiurus quinquestriatus, wadda aka fitar da wani feftayid mai amino asid 36 daga dafinta a farkon shekarun 1990, ana kiransa chlorotoxin. Sai aka gano yana manne wa ƙwayoyin kansar ƙwaƙwalwa ya ƙyale lafiyayyu. Shi kaɗai ba ya kashe su yadda ake so, don haka masu bincike suka mai da shi ɗan jagora. Dakta Jim Olson a birnin Siyatil na Amurka ya ɗaura masa wani sinadari mai ƙyalli, ta yadda idan aka yi wa mara lafiya allurarsa kafin tiyata, ƙarin zai riƙa haske a ƙarƙashin wata fitila ta musamman, likita ya ga iyakar abin da zai yanke. An gwada wannan a jikin mutane, har da yara. A 2020 kuma cibiyar City of Hope ta Kalifoniya ta ɗora shi a kan ƙwayoyin garkuwar jiki don ya kai su inda kansar take. A nawa ganin, idan dafin gizo-gizo zai taimaki masu kansa wata rana, ta irin wannan hanya zai fi zuwa, a matsayin mai nuna hanya ko mai dakon magani, ko kuma mai rage raɗaɗi, domin an ga wani sinadari daga dafin gizo-gizon ayaba na Barazil yana sauƙaƙa zafin kansa a jikin ɓeraye. Amma ki duba: sama da shekara 30 ke nan ana aiki a kan na kunamar, kuma ko a can wuƙar likita yake taimaka wa, bai maye gurbinta ba.

Ina jin tsoron abin da za a kawo muku ne saboda an sha yin haka. A ƙasar Kyuba ana sayar da wani ruwa mai suna Vidatox da ake cewa daga dafin shuɗiyar kunama aka yi shi, mutane daga ƙasashe da yawa suna kashe kuɗi a kansa. An tsarma shi ne har ta kai da wuya a sami ko ƙwayar dafin a cikin kwalbar, kuma babu wani ingantaccen gwaji da ya nuna yana warkar da kansa. A 2020 da masu bincike a birnin Perth na Ostareliya suka nuna cewa wani sinadarin dafin ƙudan zuma yana kashe ƙwayoyin kansar mama a faranti da ɓera, nan da nan wasu suka fara tallan harbin zuma ga mata masu cutar, alhali an riga an ba da rahoton wata mata 'yar shekara 55 a Sifaniya da ta mutu bayan an sa zuma ta harbe ta da sunan magani. Don haka kada wani ya ce a kamo tautau ko gizo-gizon kusurwar ɗaki a daka a shafa wa Mama, ko a sa wani abu ya cije ta. Wasu gizo-gizon dafinsu ruɓar da nama yake yi, kuma gyambo a kan nonon da ke da kansa yana iya jinkirta aikin da ake son yi mata.

Ban ga laifin yayanki ba. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kuma son Mama ne ya sa shi neman hanyar da ba wuƙa. Amma abin da kuke riƙe da shi yanzu ya fi abin da ake yi muku alkawari nesa ba kusa ba. Mataki na biyu yana nufin cutar ba ta bazu zuwa hanta ko huhu ko ƙashi ba, kuma a wannan mataki warkewa ake nema, ba lallaɓawa ba. A ƙasashen da mata suke zuwa asibiti da wuri su kuma kammala magani, sama da kashi 90 cikin 100 na masu kansar mama suna raye bayan shekara biyar. A wani babban nazari da aka bi mata a ƙasashen Afirka biyar, aka wallafa a 2020, kashi 36 cikin 100 ne kawai na 'yan Najeriyar da ke ciki suke raye bayan shekara uku. Babban dalilin wannan tazara shi ne zuwa a makare da rashin kammala magani. Mama tana cikin 'yan kaɗan da aka gano tasu da sauran lokaci, wannan kuwa ni'ima ce da take raguwa kowane mako. Wani nazari a mujallar likitoci ta BMJ, shi ma a 2020, ya nuna cewa duk jinkirin mako huɗu kafin aikin kansar mama yana ƙara hatsarin mutuwa da kimanin kashi 8 cikin 100. Masana a Jami'ar Yale kuma sun gano a 2018 cewa matan da suka ajiye maganin asibiti suka koma wa wasu hanyoyi kaɗai, hatsarin mutuwarsu ya ninka fiye da sau biyar.

Maganar "daji ba ya son ƙarfe" kuwa, na san daga inda ta fito, kuma ba na raina masu faɗinta. Sun ga an yi wa wata aiki, bayan wata uku ta rasu. Abin da ba su gani ba shi ne ta yi shekara biyu tana shafe-shafe da shan jiƙo kafin ta je, cutar ta riga ta gama zagaye jiki tun kafin wuƙa ta taɓa ta. Matan da aka yi wa aiki da wuri suka warke suna nan a cikinmu, suna zuwa biki da suna, sai dai ba sa faɗa saboda kunya, shi ya sa labarin waɗanda suka rasu kaɗai yake yawo.

Akwai kuma abin da nake so ki gaya wa Mama da bakinki, wataƙila ya kwantar mata da hankali. Abin da kuke nema a wurin gizo-gizo, wato guba daga halittun Allah da aka hore ta ta zama magani, shi ne ainihin abin da yake cikin ruwan kemo da za a ɗaura mata. Jan ruwan nan da ake kira doxorubicin daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa aka samo shi, a kudancin Italiya. Paclitaxel daga ɓawon wata bishiya ta arewa maso yammacin Amurka yake. An ɗebo ɓawon a 1962, ba a amince da maganin ba sai 1992, shekara 30 cif. Vincristine, wanda ya ceci dubban yara masu kansar jini, daga wani fure ɗan asalin Madagaska yake, furen nan mai ruwan hoda ko fari da ake shukawa don ado a harabar gidaje da makarantu. Kowannensu ya taɓa zama labari mai daɗi a faranti kamar yadda gomesin yake yau. Su dai sun riga sun bi dogon layin sun fito, an san adadinsu, an san illarsu, an san yadda ake tare ta.

Illar kuwa akwai ta, ba zan ɓoye miki ba. Gashi zai zube, amma yana dawowa bayan an gama. Za a yi tashin zuciya da kasala, amma akwai magunguna masu ƙarfi na hana amai da ake bayarwa kafin a ɗaura ruwan, ku tambaye su tun ranar farko. Garkuwar jiki takan yi ƙasa kwana bakwai zuwa sha huɗu bayan kowane zagaye, don haka idan zazzaɓi ya kama ta a tsakanin nan, asibiti za a nufa a daren, kada a tsaya sayen maganin maleriya a kemis.

Idan kun koma wurin likitanta, ku tambaya ko an yi wa naman da aka ɗiba gwajin da yake nuna irin kansar, wato ko mai cin sinadarin mata ce, ko mai alamar HER2 (wani furotin da ke ingiza ta girma), ko ba ko ɗaya, domin shi zai nuna ko za ta sha tamoxifen, ƙwayar da take tare sinadarin matan, ko makamancinsa bayan kemo. Ku tambaya ko za a buƙaci gasa wurin da hasken na'ura bayan aikin, da kuma inda na'urar take aiki a yanzu, don ku kama layi da wuri. Idan kuɗi ne matsalar, ku nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin ku tambayi tallafin gwamnatin tarayya na masu kansa, wanda ya haɗa da ta mama. Duk wani jiƙo ko gari ko ƙwaya da Mama take sha, ku kai wa likitan ya gani da idonsa, domin wasu suna wahalar da hanta a lokacin da ake buƙatar ta da ƙarfinta. Addu'a da ruƙiyya da sadaka kuwa, ku dage da su, babu inda suka yi karo da maganin.

Ki nuna wa yayanki wannan amsa, kuma ranar da za a koma asibiti ki roƙe shi ya raka ku ya zauna a gaban likitan ya yi duk tambayoyin da ke ransa. Ke ma, tunda mahaifiyarki ce, ki gaya wa likitan shekarunki, ki tambaye shi lokacin da ya dace ke da 'yan'uwanki mata ku fara zuwa a duba ku. Allah Ya sa a yi aikin a sa'a, Ya tashi kafaɗunta.